Hoton Cikin Zuciyarta

Likitar ta ajiye hoton a kan tabarma, gaban manomin. Da daminar 1984 matarsa ta rasu a Malumfashi, kumburin zuciya ya ɗauke ta tana jego. Kafin ta cika an ɗebi tsokar zuciyarta da allura, ba ta kai ƙwayar gero ba, aka kai ƙasar waje inda na'ura ke nuna abin da ido ba ya gani.

"Malam, ka ce in an gani in zo har Maska in nuna maka."

Ya sunkuya. Wani baƙin layi ne mai lanƙwasa, wasu abubuwa kamar wake sun yi cincirindo a jikinsa.

"Layin nan, nan ne ƙwayoyin zuciya biyu suka riƙe juna. Masu kama da waken nan su ne ke ba su ƙarfi. Dubi yadda suka taru a mahaɗar. Har ranar da aka ɗebi tsokar ba su saki ba."

"Yanzu duk suna cikin ƙasa," ya ce.

"Ba duka ba. Daga uwa ake gadonsu."

Ya juya ya dubi 'yar da ya kasa ɗauka tun ranar jana'iza, tana rarrafe gindin rumbu. Ya ɗauko ta, ya kara kunne a ƙirjinta. Bugun yana nan, sauri-sauri, irin na uwarta a kwanakin ƙarshe.

"Likita," ya ce, bai ɗago ba, "ciwon ma ana gadonsa?"

Yarinyar tana ta dariya, tana jan gemunsa.