Wanda Ya Tafi Da Guga

Barau, an ce mini ka sayo kwaɗo za ka garƙame rijiyar ƙofar gida, ka shige da guga ciki, wai 'yan unguwa sun ishe ka. To kafin ka taɓa abin da yayanka, Allah ya jiƙansa, ya haƙa da guminsa, tsaya ka ji wani misali. Da idona na gani, ba wani ya ba ni labari ba.

Akwai wani tela da nake kasa man gyaɗata a bakin shagonsa. Magidanci ne, har da furfura a gemu, amma in ɗinki ya yi sauƙi sai ya duƙufa kan wani wasan gem a wayarsa. Da fari dariya nake masa, daga baya na koma leƙe. A cikin wasan shi matafiyi ne a wata ƙasa ta dodanni. Ciwo ya faɗa wa garinsu, aka aike shi ya ɗebo magani a kan wani dutse mai nisa. Duk inda ya isa, sai wasan ya tsaya ya tambaye shi: wannan za ka yi ko wancan? Abin da ka zaɓa ya zauna ke nan, babu komawa baya, kuma rai ɗaya tak aka ba ka. Tun a farkon tafiya ya iske rijiya a tsakiyar daji, da gugan fata da igiya rataye a jikin gwafa, irin yadda ake yi wa matafiya: ka sha, ka mayar, na baya ya samu. Wasan ya ce, ka bari ko ka ɗauka? Ya ɗauka. Ya kai wa maƙeri a gari na gaba, ya yi musaya da takobi. Kuma gaskiya takobin ya yi masa rana, dodanni ya dinga sara kamar kabewa. Har ya juyo yana mini baki, wai Gwaggo, ke da kike taƙama da ciniki, kin taɓa yin mai riba irin wannan?

Ya yi kamar wata guda yana wasan, sai ran nan ya lura da wani mutum can nesa a bayan matafiyinsa. Tsoho ne, leɓensa ya bushe ya tsattsage, yana riƙe da gora wayam. Bai kawo hari ba. In matafiyi ya yi tafiya ya bi, in ya tsaya ya tsaya. Tela ya juya ya kai masa sara, takobi ya wuce ta jikinsa kamar an sari hayaƙi. Bayan kwana biyu suka zama biyu, da wata mata ɗauke da tulu babu ko ɗigo. Sai wani falke yana jan jakinsa, haƙarƙari duk a waje. A hankali har suka kai goma sha ɗaya, kullum kuma ƙara matsowa suke. Mutanen da suka zo rijiyar nan ne a bayansa, suka leƙa suka ga ruwa, babu abin ja, ƙishirwa ta kashe su a wurin. Duk garin da ya nufa, da an hango abin da ke biye da shi sai a rufe ƙofa. Ba mai sayar masa da abinci, ba mai ba shi ko kurɓi ɗaya. Wallahi Barau, da rana tsaka ne, ana hayaniyar kasuwa, amma tsigar jikina tashi take in na ga idanun matar nan.

A haka ya lallaɓa ya hau dutsen, ya samo maganin. Sai dai hanyar gida ɗaya ce, ta dajin nan. Akwai wani jan zare a saman wayar, shi ne ransa, ƙishirwa ta yi ta cinsa har ya rage kamar tsinke. Ya iso bakin rijiya, ruwa na ta ƙyalli a ƙasa, gwafa na tsaye ba komai a jikinta. Ya laluba jaka: takobi, magani, shi ke nan. Wannan karon wasan bai tambaye shi komai ba. Su goma sha ɗayan nan suka zo suka kewaye shi, kowa ya miƙo masa abin ruwansa. Zaren ya ƙare. Aka nuna garinsu, ƙofofi a buɗe, ba motsin kowa. Tela ya kifa wayar a kan keken ɗinki, ya ce, "Gwaggo, guga ne fa kawai." Da aka kira la'asar ina kallonsa, sau biyu yana waiwaye kafin ya kai masallaci.

Ni da ka sani, a ciniki ko uwata ce ta zo sai na ce albarka sau uku kafin in sallama, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Amma shekara tara da rasuwar yayanka, gugan rijiyar ƙofar gidan nan bai taɓa kwana a cikin gida ba. In ya tsage ni nake kai wa baduku. Shi tela ya kife waya ya huta, kai wace waya za ka kife ranar da masu tulu suka biyo ka? Ka mayar wa mai kwaɗo kayansa tun bai rufe shago ba. Masu iya magana sun riga sun faɗa: alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.