Ranar da Guduma Ya Je Shagon Tela

Keken ɗinkin ya fara kifarwa, sannan ya koma kan mai keken.

Tela dai ba wani jiki gare shi ba, zarensa ma ya kusa fin shi kauri. Mari ɗaya ya haɗa shi da madubi, madubin ya tarwatse. Guduma mai walda, yayan matarsa, ya ɗago shi da wuyan riga kamar zai shanya shi.

"Ƙanwar tawa ka mayar ganga? To yau za ka ji yadda ake kiɗa."

Kwanakin baya ne Auta matar tela, mai aiki a gidan burodi, ta zo jinya gidan yayanta, tana dafe da baya, riƙe da ledar magani da mijinta ya sayo. Ta ce ɗaga buhun fulawa ne. Guduma ya taɓe baki ya ce, "Buhu ko? Buhu mai hannu." Ya karɓe ledar, ya ce daga yau shi zai riƙa ba ta magani da kansa. Bai kuwa taɓa fashi ba, kullum da sassafe, tun kafin a ɗora ruwan shayi.

Matan maƙwabta suka yi ta leƙe suna lanƙwasa murya: "Wayyo, yaya ke nan! Namu ko gaisuwa sai an roƙa." Shi ma sai ya yi fes. Ƙwannafin da ya daɗe yana hana shi sakat ya ɓace, yana bugun ƙirji yana cewa ladan zumunci ne.

Yau da safe Auta ta kelaya amai, jini ne baƙi ƙirin. Matar Guduma ta yi asibiti da ita, shi kuwa ya yi shago.

Tela ya ɗaga hannu. "Yaya, tsaya, tana shan ƙana..." Naushi ya mayar masa da sauran maganar ciki. Haƙorinsa ya faɗa cikin gwangwanin maɓallai. Wani mai wanki ya shigo rabo, ya sami rabonsa a hanci, ya fita yana salati. Da dutsen guga ya hau kafaɗar tela, sai da maƙwabta suka rufe ido.

"Tashi, ka je ka ga aikinka."

Haka ya ja shi har bakin gadon Auta a asibiti, jini na ɗiga a tayil. Tana ganin mijinta ta fashe da kuka. Nas ta dubi tela, ta dubi Guduma, ta sa aka kwantar da tela, sannan ta zazzage ledar maganin da aka zo da ita a kan tebur.

"Babu wanda ya dake ta, gyambon ciki ne. Waɗannan manyan na ciwon baya, idan aka daɗe ana sha, balle ciki ba komai, cin ciki suke. Shi ya sa likita ya haɗa mata da ƙananan da ke kare shi." Ta sake girgiza ledar. "To ina ƙananan?"

Yayanta kawai Auta ta kalla.

A hankali Guduma ya zura kumburarren hannunsa aljihu, ya taɓa katin ƙananan, saura ƙwaya ɗaya a jiki, wanda tun ranar farko ya zare daga ledar yana cewa, "Baya ke miki ciwo, ni ne mai ciwon ciki, bar min waɗannan."