Littattafai Uku a Shagon Baba

Ranar da zan rufe shagon marigayi Baba, mai ɗinkin littattafai, tsofaffin abokansa uku suka zo, kowa da littafinsa a hannu. Shekara tara ba sa ga maciji, tun musun da suka yi kan wane ɗa Annabi Ibrahim ya kwantar zai yanka.

Da can a bencin nan suke wuni, likita Bayahude, tela Kirista da direba Musulmi. Baba yakan ja zare yana dariya: "Ku gama dai, kakanku ɗaya."

Telan ya zauna. "'Yata, bangon littafina ya saki. Wa zai gyara mana yanzu?"

Na jera Attaura, Linjila da Alƙur'ani a teburin Baba. Sai na ga wani tabo ya taso daga bangon farko, ya ratsa na biyu, ya ƙare a na uku.

Likitan ya bi shi da yatsa. "Ashe fata ɗaya ya yanka mana."

"Ta rago," in ji direban a hankali.

Telan ya matsa ƙarshen benci, ya bar musu wuri.