Cokali a Dama

Mai Harshe ya kai kofin bakinsa, ya lumshe ido, ya yi ta juya gahawar a baki. Ta wutsiyar ido kuwa farantin matarsa yake kallo. Cokali yana hagu.

"Ruwan wankin kwano," in ji shi. Mai shagon ya nemi kujera ya zauna.

Haka yake sana'arsa a wannan unguwa ta bayan gari, inda shagunan gahawa suka yi yawa har mutum ya rasa wanda zai shiga. Duk Asabar yakan zaɓi ɗaya, ya sha, ya rubuta a shafinsa na intanet. Wanda ya yaba, sai layi har bakin titi. Wanda ya kushe, kafin wata uku an mayar da wurin shagon aski.

Abin da mabiyansa ba su sani ba, tun wata rashin lafiya da ya yi shekara shida baya, ba ya jin ƙamshi, ba ya jin ɗanɗano. Matarsa ce harshen. 'Yar mai gasa gahawa ce, a tsakanin buhuna ta koyi rarrafe. Ita ke fara kurɓa nata kofin. In ta ajiye cokali a dama, gahawa ta yi. In a hagu, ba ta yi ba. Sauran surutun nasa ne, kuma Allah ya ba shi baki. A gaban mutane "direbata" yake ce mata, a yi dariya, ita ma ta yi murmushi.

Sau ɗaya tak ya saɓa wa cokali. Surukinsa, uban matar, ya taɓa zolayarsa a taron dangi, ya ce shi fa bai yarda yaron nan ya san gahawa da shayi ba. Mai Harshe ya ƙullace shi. Ranar da suka je shagon tsohon, cokali yana dama, amma ya rubuta cewa hannun dattijo ya mutu, ya kamata ya je ya huta. Jama'a suka yi ta jinjina masa, wai ga mai gaskiyar da ko suruki bai bari ba. Shago ya rufe, aka sayar da koren injin gashin. Tsohon ya koma zaman ƙofar gida, bai rufa shekara ba ya rasu.

Matar ta yi kukanta, ta share hawaye, ranar Asabar ta ɗauki makullin mota. Shi da kansa yakan ce samun mace mai haƙurinta sai an tona.

Bana sai ga wani sabon shago a bayan kantin magani, tebur huɗu, ko allon suna babu. Kowa maganarsa yake. Ba wanda ya taɓa ganin mai shi. Wani dogon ma'aikaci ne ke zubawa. Can sai takardar gayyata ta iso: za a kawo gahawa iri uku ba suna, Mai Harshe ya zaɓi ta gidan, a nuna kai tsaye a waya. Bai gama karantawa ba ya amsa. Ya so ya yi wa matar alfahari, ya tarar ta fita tun safe, wajen ƙanwarta kamar kullum. Da ta dawo ya ga ƙuna a wuyan hannunta, ya ce ta riƙa kula da murhu.

Ranar Asabar matar ta shiga lungun ba tare da tambayar hanya ba. Ƙofar shagon ta cije masa, ita kuwa ta ɗan ɗaga ta sama, ta buɗe. Ciki ya cika maƙil, wayoyi a sama. A kusurwa akwai wani tsohon koren injin gashi mai lotsattsen gefe, yana ta hucin zafi. Mai Harshe ya wuce shi, idonsa yana kan masu ɗaukar hoto.

"A zuba wa direbata ma, kada ta yi mini barci a hanya," ya ce. Aka yi dariya.

Buta ta farko, cokali hagu. Ya ce ta ƙone. Ta biyu, hagu. Ya ce ruwa ya yi mata yawa. Ta uku, matar ta kurɓa, ta haɗiye, fuskarta ba ta motsa ba. Ta ajiye cokali a dama.

Mai Harshe ya miƙe tsaye. Ya ce shekara goma bai sha irin wannan ba. Ya yi maganar zaƙin da ke ɓoye a ƙarshen maƙogwaro, da hannun gwani, da ƙamshin da ke tuna wa mutum ƙuruciya. Ya shanye kofin tas, ya ce duk wanda bai ji abin da ya ji ba, harshensa katako ne.

Dogon ma'aikacin ya ɗauki buta ta uku, ya zuba wa mutanen layin gaba. Wata malama ta kurɓa ta furzar a hankicinta. Wani dattijo ya sarƙe da tari.

"Gishiri ne zalla!"

"Cokali shida muka zuba," in ji ma'aikacin, yana fuskantar wayoyin. "Ta gidan ita ce ta farko."

Dariyar da aka yi ba irin wadda ya saba ji ba ce. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya dubi matarsa, tana zaune hannuwanta a cinya. Lallai ita kofi daban suka ba ta, ya raya a ransa. Wani ya gano sirrinsu ya haƙa musu rami. Ya buga tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Makirci ne! Ina mai shagon nan? Ya fito, in ya isa, ya dube ni ido da ido!"

Ma'aikacin ya ajiye butar a hankali, ya zagayo teburin, ya rusuna a gaban matar.

"Uwar ɗakina," ya ce, "ana neman ki."