Kunyar Ɗan Fari a Layin Rigakafi

Kai da za ku kai naku allura gobe, saurari wannan, in ka koma gida ka maimaita wa mai ɗakinka.

An yi wata mata, masaƙiyar faifai, da ta haifi ɗanta na fari a gidan iyayenta, can wani ƙauye a ƙetaren kogi. Ka san halin mutanenmu da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in ya yi kuka sai ta kau da kai kamar na maƙwabta ne. Ita kuwa wannan ta fi kowa iyawa, har kwatance ake yi da ita. Da ta gama wankan jego, yaro ya cika sati shida, ta goya shi zuwa asibitin sha-ka-tafi na yankin. Aka yi masa alluran wannan lokaci, aka ɗiga masa na baki, aka rubuta mata a kati ta dawo bayan sati huɗu. An ce kowace uwa ta ɗan zauna a ga yadda yaro zai yi, amma hadari ya haɗo, ga kogi a gabanta, sai ta sulale. Tana tsakiyar gonakin dawa ta ji numfashinsa ya canza a bayanta, yana fita da ƙyar da wani siririn fito. Ta sauke shi ta duba. Leɓɓansa sun kumbura, idanunsa sun kumbura, jiki duk ya yi rudu-rudu kamar wanda aka birkiɗa cikin ƙaiƙayi. Ba kowa a hanyar. Ta durƙusa nan tana salati, har Allah ya sa abin ya lafa don kansa. Kafin ta isa gida kumburin ya saɓe, ita ma ta ja bakinta ta yi shiru, don a ganinta ba mai kunyar da za ta shigo gida tana kururuwa a kan ɗan fari.

Kafin sati huɗu ya cika ta riga ta koma garin mijinta. Ranar allura surukarta ta yafa mayafi ta ce ita za ta raka ta. Tun daga ƙofar gida matar nan ke jan ƙafa. Ba ƙin allurar take yi ba, ta ga yadda tari mai shiƙewa ya ɗauke ɗan yayarta da ba a yi wa ba. Amma wannan fiton na cikin gona bai bar kunnenta ba. Layi na matsawa, tana jin ma'aikaciya tana tambayar kowace uwa ko yaro ya samu matsala wancan karon. Wannan ta ce zazzaɓin kwana ɗaya, aka ce ba komai, ba ya hanawa. Waccan ta ce mura yake yi yau, aka ce ita ma ba ta hanawa. Sai matar ta fara lallashin kanta cewa ƙila nata ma duk ɗaya ne, alhali zuciyarta ta san ba ɗaya ba ne. Da aka zo kanta, ma'aikaciya ta duba kati, shi kuwa kati abin da aka rubuta masa kawai ya sani. Ta yi mata tambayar. Har za ta faɗa, ta ɗaga ido ta ga surukarta tsaye a kanta, sai ta sunkuyar da kai. Tsohuwar da ba ta nan ranar ce ta amsa, ta ce lafiya lau, a dube shi ma ɓul-ɓul. Aka yi allura.

Ba a gama da yaron da ke bayansu ba abin ya dawo, kuma wannan karon bai zo da wasa ba. Fuska ta haye, leɓɓa suka yi duhu, kukan ma ya ƙi fita, yaro ya saki jiki a hannunta kamar tsumma. Ma'aikaciya ta fizge shi ta soka masa allurar gaggawa a cinya, ta tsaya tana kallon agogo. Sai da ta ƙara ta biyu ƙirjin ya ɗaga. A motar da ta kwashe su zuwa babban asibiti ne uwar ta faɗi abin da ya faru a gona, tana kuka kamar ranta zai fita. Ma'aikaciyar da ta raka su ta ce irin wannan da wuya ake ganinsa, amma shi ne dalilin tambayar. Da ta ji kalma ɗaya da ba ta taɓa shi ba, da wajen likita ta tura su a gano allurar da jikinsa bai karɓa ba, sauran a ci gaba da yi masa a kan lokaci. Tsohuwa, hannunta na kan ƙafar jikanta, ta juyo ta dubi uwar.

"Ni kika ji wa kunya, 'yar nan? Wallahi da kin yi rashin kunya a gabana sau dubu, da ya fi mini wannan."

Yaro ya rayu, amma saura ƙiris. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba, sai dai akwai inda ake tuɓe ado a ajiye a gefe. Gaskiyar Hausawa da suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.