Sa Hannu a Farar Takarda

Tun da aka gama kaɗa ƙuri'a Kafinta yake satar kallon gabas ta tagar ajin da aka mayar rumfar zaɓe. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, shi kuwa da safe ya baro gadon wani kwastoma a bayan shago, ya shafe shi da fenti yana shan iska. Sati uku ya yi yana aikin gadon nan.

Yau kuwa ba ranar raba hankali ba ce. Kansila mai ci ya sha alwashin rushe layin shagunansu, na kafintoci da teloli da masu walda, a ba wani mai hannu da shuni filin. Shi ya sa yayar Kafinta, wadda ke ɗinki a ƙarshen layin, ta tattara mata suka yi wata uku suna bin gida-gida. Sun duba sunaye a rajista, sun raka tsofaffi karɓo kati, suka tsayar da wani tsohon malamin makaranta ya kara da kansilan. Da aka zo zaɓen wanda zai tsaya musu a rumfar, wadda ta fi kowacce yawan ƙuri'u a mazaɓar, kowa ya ce Kafinta, don ba a taɓa jin ya cuci kowa ba.

Da safe sai da Yaya ta riƙe masa hannun riga. "Auta, aikinka ɗaya ne. Kada ka sa hannu sai an ƙirga a gabanka, an rubuta a gabanka, ka ɗauki hoton takardar. Ko gobara ake yi a gidanka ka zauna, ni zan je in kashe."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, sai ka ce yaro."

Iska ta fara kaɗa ƙyauren ajin. Jami'in zaɓe, mutum mai taushin murya, ya miƙo takardar sakamako da biro. "Malam, ga ruwa nan tafe. Kowa ya sa hannu tun yanzu, in an gama ƙirga sai mu cike lambobi kawai. Ai dukkanmu ɗaya ne."

Wakilin kansila ya riga ya sa nasa. Kafinta ya dubi takardar, gurabun lambobi fari fat. Ya tuna gargaɗin Yaya. Amma a ce ya dubi dattijo kamar wannan ya nuna bai yarda da shi ba? Kunya ta rufe masa baki, ga gado yana masa gizo a ido. Ya ce a ransa, minti goma ne, in je in dawo. Ya rattaba hannu ya fita da gudu.

Ya samu ya ja gadon cikin shago, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika ta tare hanya. Kafin ya samu ya koma an yi awa guda da rabi. An ƙirga, an kwashe akwati da takarda a mota.

A barandar makarantar mata sai guɗa suke yi a jiƙe. An ƙirga da ƙarfi kowa yana ji ta taga, malaminsu ya yi wa kansila fintinkau. Yaya ta ratso mutane tana haki. "Auta, ina ka shige? Nuna mini hoton."

"Cajin waya ne ya ƙare," in ji shi, idonsa a ƙasa.

Kwana biyu abinci bai wuce masa ba. In ya ɗauki zarto sai ya tsaya yana kallon katako. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai ya leƙa ya ga ko waye. Matarsa ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce gajiya ce kawai.

Rana ta uku aka sanar da sakamako: kansila ya lashe rumfarsu, da ita kuma ya lashe mazaɓar. Layin ya ɗauki salati. Yaya ta yafa mayafi ta ja shi har ofishin karɓar ƙorafi, mata goma sha biyu suna biye, kowacce a shirye take ta rantse da abin da kunnenta ya ji.

Ma'aikacin ya saurare su tsaf, sannan ya zaro takarda ya shimfiɗa a tebur. "Hajiya, wakilinku ya amince da waɗannan lambobi. Malam, wannan ba hannunka ba ne?"

Kafinta ya dubi sa hannunsa, ga shi nan raɗau a ƙarƙashin lambobin da bai taɓa gani ba. Da ƙyar ya ce, "Nawa ne."

Yaya ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Sai da suka fito ya faɗa mata zancen gadon. Ta dube shi, idonta ya ciko. "A bakin taga nake tsaye, Auta. Da ka leƙo ka faɗa mini, da a kaina zan ɗauke maka gadon."

Bayan wata biyu katafila ta shigo layin. Shago talatin da ɗaya ta kwantar kafin azahar, har da nasa, har da wanda keken ɗinkin Yaya ya shekara ashirin a ciki. Gadon kuwa ya isa gidan mai shi lafiya lau, har ya yaba aikin.

Mai karatu, kaɗa ƙuri'a rabin aiki ne, tsare ta shi ne sauran. In jama'a suka ba ka amanar rumfarsu, kada kunya ko gaggawa ta sa ka sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba.