Ƙwan Hukuma

Tun da hukuma ta haramta tsofaffin ƙwayayen gilashi na amfilifaya, na'urar ƙara sauti, jitar bes ɗin Jatau ta rasa kaurin muryarta. Ya je wurin Barau mai gyaran rediyo, aka jona masa ƙwai biyu, tsoho da sabo na hukuma, ya gwada.

Tsohon ƙwan ya ba da amo mai ɗumi, har Jatau ya ji shi a ƙirji. Na hukuma kuwa sai ka ce ana buga gwangwani.

"Tsohon ƙwan nan, shekara uku ne a gidan yari," in ji Barau. "Kana da iyali fa."

Jatau ya ɗauki na hukuma. A gida ya zare wayar amfilifayar daga bango, amma ƙwan bai mutu ba. Matarsa Lantana ta kalli hasken, ta nuna kunnenta, sannan ta nuna ƙwan. Tun ranar ba a ƙara hira a ɗakin ba.